Ranar da Sandar Kiwo Ta Sauya Hannu

A unguwarmu ta Adakpame, gabas da birnin Lome, akwai wani gida da nake wucewa ta ƙofarsa kowace safiya sa'ad da nake yaro ina zuwa makaranta. Tun daga nesa mutum zai ji ƙamshin harawa da kukan tumaki. Mai gidan dattijo ne, Bahaushe, Musulmi, aminin mahaifina. Ba zan faɗi sunansa ba, gama 'ya'yansa suna nan da rai. Kiwonsa ya bambanta da na masu sayen rago su turke shi wata 3 su sayar, domin shi iri yake riƙewa. Mutane sukan kawo tumakinsu daga Be da Bagida don ragonsa ya yi musu barbara, wanda ya sayi ɗan rago a hannunsa kuwa yakan yi fahariya da shi.

Da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yansa maza 4 suka zauna rabon gado. Aka yi wa kowace dabba kuɗi. Babban ragon nan, uban garke, shi ya fi tsada, saboda haka aka ce a sayar da shi da Babbar Salla a raba kuɗin, don kada wani ya ce an cuce shi. Matan kuma aka raba su gida 4. Kafin shekara 3 ta cika, a cikin gidajen nan 4 ba ka ganin tunkiya ko ɗaya mai kama da na tsohon.

Ba wanda ya yi sata a cikinsu, rabon kuma an yi shi bisa ƙa'ida. Duk da haka aikin shekara wajen 40 ya watse. Abin ya daɗe yana damuna, har ya sa na bi tarihin wannan sana'a a Zangon Lome da wajensa, domin in gane abin da yake ɓacewa sa'ad da sandar kiwo ta fita daga wani hannu ta shiga wani. Ga abin da na samu, ya mai karatu.

Yadda tumaki suka zo Zango

Kakannin Hausawan da suke bakin teku fatake ne. Sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa, da tufafi, da fatu, da dabbobi, su bi ta Sansanen Mango su shiga ƙasar Gwanja, su sayi goro a Salaga su koma. A shekara ta 1892 yaƙin basasa ya rushe Salaga, fatake suka watse, waɗansu suka koma Kete Karachi, waɗansu Kumasi, waɗansu kuwa suka gangaro har bakin teku. A lokacin nan Jamus ta riga ta kafa mulkinta a Togo tun 1884, a 1897 kuma ta mai da Lome hedkwata. Gari ya fara cika da ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa, dukansu suna bukatar nama. Hausawan Zango suka tsaya a tsakani: dabba tana arewa, mai ci yana kudu.

Da fari da ƙafa ake koro dabbobi. Daga baya hanyar jirgin ƙasa ta kai kusa da Atakpame a 1911, ta kai Blitta a 1934. Sa'an nan manyan motoci suka karɓi aikin, suna ɗauko shanu da tumaki daga Nijar da Burkina Faso, su shigo ta Sinkase, su bi Dapaong, da Kara, da Sokode, da Atakpame, su sauke a Lome. Sunan Gbosime ma, wurin da ya yi suna a Lome wajen cinikin tumaki da awaki, da harshen Ewe ma'anarsa kasuwar awaki ce.

Iri biyu da abin da ya fito daga tsakaninsu

Tunkiyar arewa doguwa ce, mai dogayen ƙafafu. Mun san Balami, fari sol, mai lanƙwasasshen hanci da kunnuwa masu reto, wanda ake kiwonsa sosai a ƙasar Maradi da Barno. Mun san Uda, wanda gabansa baƙi ne ko ja, bayansa fari. Mun kuma san 'Yankasa, fari mai ɗigon baƙi a ido da kunne da baki. Waɗannan duka 'ya'yan busasshiyar ƙasa ne. In aka kawo su bakin teku suka ci damina ɗaya, sai tari ya kama su, ko tsutsar ciki, ko kaska, ko ruɓewar kofato, a inda akwai ƙudan tsando kuma sammore yakan gama da su.

Tunkiyar kudu kuwa, wadda likitocin dabbobi suke kira Jalonke, gajeriya ce, nauyinta bai cika wuce kilo 20 zuwa 30 ba. Mai neman ragon layya ko na suna ba ya duban ta sau biyu. Amma tana jure laima, tana jure cizon tsando, tana haihuwa ba fashi.

Manoman ƙasar Vogan, gabas da Lome, su suka haɗa biyun nan. Suka riƙa sayen dogayen raguna daga hannun 'yan kasuwar arewa suna sa su cikin gajerun tumakinsu, suna zaɓen 'ya'yan da suka rayu suka yi girma. A hankali wani iri ya tsaya da ƙafarsa, wanda ake kira tumakin Vogan, masu kai kilo 40 zuwa 45. Wani malami na jami'ar Lome mai suna Amegee ya auna su, ya rubuta bayaninsu a 1978 da 1983. Abin lura a nan shi ne, ba gwamnati ce ta yi wannan iri ba. Gidaje ne suka yi shi, uba yana nuna wa ɗa wadda za a ajiye da wadda za a kai kasuwar Jumma'a ta Vogan.

Wannan haɗi kuwa yana da ma'auni. In jinin arewa ya yi yawa, garke ya yi kyau a ido amma damina ta kwashe shi. In jinin kudu ya rinjaya, garke ya rayu amma ba ya kawo kuɗi. Na tuna wata rana na tambayi dattijon nan na unguwarmu, na ce, "Baba, don me ka sayar da wancan ɗan rago, ga shi ya fi 'yan'uwansa tsawo?" Ya ce, "Ɗana, uwarsa ta yi tari damina biyu a jere. Ni ƙafar arewa nake so, amma da cikin kudu." Ma'aunin nan yana cikin kansa, ba a rubuce yake a ko'ina ba.

Gidan mai gida da magajinsa

Cinikin dabbobi a Zango ya tsaya a kan mutumin da ake kira mai gida. Baƙo ya zo da dabbobinsa daga arewa, ya sauka a wurinsa. Mai gida ya ba shi masauki da abinci, ya sa yaransa su tsare dabbobin, dillalinsa ya nemo mai saye. In mahauci ya ɗauka bashi, mai gida ne yake tsayawa a kai, in bai biya ba shi zai biya. La'ada ita ce ribarsa. Wani Bafaranshe mai suna Michel Agier ya zauna a Zangon Lome ya rubuta littafi a kan wannan tsari a 1983, kamar yadda Abner Cohen ya rubuta a kan Hausawan Sabo a Ibadan a 1969. Dukansu biyu sun ga cewa jarin irin wannan gida amana ce da sanin mutane.

Saboda haka gadonsa yake da wuya. Ana iya raba ɗaki da fili da kuɗi, amma baƙon da ya yi shekara 20 yana sauka a gida ba kaya ba ne da za a sa a kason wani. In ya zo ya tarar da wanda bai sani ba a zaure, sai ya nemi wani masauki. Dattawan Zango sukan faɗa cewa sau da yawa ba ɗan cikin mai gida ne yake riƙe sana'ar ba, yaron gidan ne, wanda ya tashi yana share turke, yana bin dillalai, har mai gida ya yi masa aure. Ɗa yana makaranta ko yana tuƙin mota, yaron gida kuwa yana kara tun asuba.

Tarihi kuma ya jijjiga gidajen nan sau da yawa. Farin da aka yi a ƙasashen Sahel a 1973 da 1984 ya sa makiyaya suka zubar da dabbobi da araha, bayan haka kuma dabba ta yi wuya. A 1977 gwamnati ta rushe tsohon Zango na tsakiyar Lome, ta mai da mutanensa Agoe, wajen kilomita 15 arewa da gari a kan hanyar Atakpame. Waɗansu suka tafi can, waɗansu suka bazu cikin sauran unguwanni. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda tsofaffi da yawa suka kasa fara gini daga tushe, sai wanda yake da saurayi mai ƙarfi a bayansa. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Maganin dabbobi da ake kawowa daga Turai ya yi tsada ƙwarai, amma naman sanyi na Turai shi ma ya yi tsada, sai kasuwar dabbobin arewa ta buɗe. Wannan na gani da idona ina saurayi. Gidan da yake da hannu na biyu a shirye ya ci riba, gidan da tsoho yake riƙe da kome shi kaɗai kuwa ya tsaya yana kallo.

Labari daga Ingila

Kada mai karatu ya ce wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Bari mu ƙetare teku mu duba mutumin da Turawa suke ɗauka uban masu gyaran irin tumaki. Sunansa Robert Bakewell, an haife shi a 1725 a wata gona mai suna Dishley, a ƙasar Lesta ta tsakiyar Ingila. Gonar ta haya ce, iyalinsa suna riƙe da ita tun kafin a haife shi. Wajen 1760 ya karɓi ragamarta daga hannun mahaifinsa, bayan ya yi yawo wurare da yawa yana duban kiwon mutane.

Da ya karɓa sai ya sauya hanya. A zamanin nan akan bar raguna da tumaki a cakuɗe, kowa ya hau kowa. Shi ya raba su, ya riƙa zaɓen rago da tunkiyar da za a haɗa, yana neman mai ƙaramin ƙashi, mai yawan nama, mai saurin girma. Yakan haɗa dangi na kusa domin halin da yake so ya zauna. Ya kuma riƙa ba da ragunansa haya na shekara guda maimakon ya sayar, da haka yake ganin irin 'ya'yan da kowane rago yake bayarwa a gonakin mutane, ya dawo da mafi kyau gida. Da fari hayar rago ba ta kai fam 1 ba, daga baya ta kai ɗaruruwa. Irin da ya fitar ya bazu cikin Ingila, ya ƙetare zuwa Faransa da Amurka.

Bakewell ya mutu a 1795. Bai yi aure ba, gonar ta koma hannun ɗan 'yar'uwarsa. Mutum ne mai ɓoye sirrin sana'a, bai bar littafin da ya bayyana yadda yake zaɓe ba. Bayansa sunan Dishley ya ragu, masu kiwo kuma suka fara kuka da irin, suna cewa kitse ya yi masa yawa, haihuwa ta ragu, jiki ba ƙwari, gama an ci gaba da haɗa dangi ba tare da idon da ya san inda za a tsaya ba.

Akwai abu biyu da suka biyo baya waɗanda suka cancanci tunani. Na fari, wani likitan dabbobi mai suna William Youatt, a littafinsa na 1837 a kan tumaki, ya ba da labarin mutum biyu, Buckley da Burgess, waɗanda kowannensu ya riƙe tumakin Bakewell zalla fiye da shekara 50 ba tare da ya sa wani jini ba. Amma in aka jera garkunan biyu sai a ce iri dabam dabam ne. Jini ɗaya ne, abin da kowane mai garke yake so a tunkiya shi ne ya bambanta, garken kuwa ya bi idon mai shi. Na biyu, waɗansu 'yan'uwa biyu, George da Matthew Culley, sun zauna a wurin Bakewell suna koyo. A 1767 suka kai tumakinsa arewacin Ingila kusa da iyakar Sikotilan, daga aikinsu kuma aka sami irin da ake kira Border Leicester, wanda har yau ana kiwonsa. Ashe wanda ya gaji gona dabam, waɗanda suka gaji sanin dabam.

Abin da ya kamata a miƙa

To, mene ne magaji yake bukata ya karɓa tare da dabbobin? Da fari, tarihin kowace tunkiya: wace ce uwarta, wane rago ne ubanta, sau nawa ta haihu, ko tana yin tagwaye, ko tana da nono, ko ta taɓa zubar da ciki. Tunkiya tana ɗaukar ciki wata 5, 'yarta kuma cikin shekara guda ta isa barbara. Wato in rago ya wuce shekara 2 a garke ba a sauya shi ba, zai fara hawan 'ya'yansa. Mai kiwo na gari ya san gidan da zai je ya yi musayar rago, da gidan da ba zai je ba. Wannan zumunci ma gado ne, sai an kai yaro an gabatar da shi tun uba yana da rai.

Sa'an nan sanin abinci da magani. A Lome ba mu da makiyaya, kiwonmu na bayan gida ne. Sai an san lokacin da harawar wake da ta gyaɗa suke araha a saya a ajiye, da yadda ake shanya ɓawon rogo kafin a ba dabba, da gwargwadon dusa da kanwa. Sai an san cewa ragon da aka sauke daga mota ba a haɗa shi da garke nan da nan, a ware shi tukuna, gama annobar tumaki da awaki, wadda aka fara ganewa a Kodebuwa a 1942, a kasuwa da mota take yaɗuwa, rigakafinta kuwa allura ce.

A Kolokope, kusa da Aniye, gwamnatin Togo ta kafa wurin zaɓen tumakin Jalonke tun shekarun 1980. A can akan sa wa dabba lamba a kunne, a auna nauyinta, a rubuta iyayenta, sa'an nan a fitar da raguna masu kyau a ba manoma. Ma'aikaci yakan tafi wani ya zo, littafin yana nan. Mu ba mu da sikeli irin nasu, amma littafin rubutu na ɗan makaranta ya isa. Yaron da ya gama aji 4 zai iya zama kusa da kakansa da fensir ya rubuta abin da tsohon yake faɗa.

Mu masu karanta Littafi Mai Tsarki mun san wannan magana tun daga Farawa sura 30 da 31. Laban yana da 'ya'ya maza, amma garkensa ya yi albarka a hannun Yakubu, ɗan 'yar'uwarsa, wanda ya yi shekara 20 yana kwana a waje da dabbobin, ya san masu ƙarfi da raunana. Da lokacin rabuwa ya yi, gardama ta tashi a kan lada, domin Laban ya yi ta sauya sharaɗi. Gida da yawa a Zango sun rabu da yaransu masu amfani a kan irin wannan, an ci ƙarfin mutum shekara da shekaru ba a yanka masa nasa ba.

Dattijon unguwarmu bai yi wannan kuskure ba. Yana da wani yaro, ba ɗansa ba, wanda ya zo daga arewa yana ƙarami ya zauna a gidan. Ranar da ya yi masa aure ya ba shi tumaki mata 2 da ɗan rago 1 daga cikin mafi kyau. A wurin rabon gado wannan mutum ba shi da kaso, bai ma ce uffan ba. Amma yau in kana neman jinin tsohon garken nan, a bayan gidansa za ka same shi. Ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayin, da ya gane abin da ya kuɓuce musu, ya koma wurinsa ya ce, "Yaya, ka ba ni aron rago." Ya ba shi, bai karɓi ko dala ba, ya ce na Baba ne.

Kuskuren tsohon ɗaya ne, bai zaunar da 'ya'yansa ya faɗa musu abin da yake so a yi da garken ba. Mu Hausawa muna jin nauyin maganar mutuwa, mai gida kuma yana ganin in ya saki sanda an raina shi. Amma itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da ya zaɓi ɗaya daga cikinsu tun yana da ƙarfi, ya bar shi ya yi zaɓe, ya yi kuskure a gabansa ya gyara masa, da abin ya zo da sauƙi. Hakkin sauran magada kuma ba zai faɗi ba. Ana iya yi wa garke kuɗi gaba ɗaya, wanda ya iya kiwo ya riƙe shi, ya riƙa biyan 'yan'uwansa kasonsu daga 'ya'yan da ake sayarwa kowace shekara, a gaban shaidu, a rubuce. Musulmi yana iya tambayar malaminsa, Kirista ya tambayi dattawan ikkilisiyarsa, ba na tsammani akwai wanda zai hana sulhu irin wannan in magada sun yarda.

Ya ɗan'uwana mai karatu, in kana da garke, ko na tumaki 5 ne, ka duba cikin gidanka yau ka ga wanda yake tashi ya ba su ruwa ba a aike shi ba. Ko ɗa ne, ko 'ya ce, ko yaron gida, ka kira shi ka fara nuna masa dalilin da ya sa kake ajiye wannan kana sayar da waccan. In kuwa kai ne magajin, ranar rabo ka roƙi 'yan'uwanka a bar uban garke a turkensa, ko da za ka biya su kuɗinsa a hankali.